Karkataccen Turken Kakata

Jiya da hantsi na tarar da jikata ta jawo wani karkataccen itace daga ƙarƙashin gadona za ta cusa a murhu. Ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba. Ta saki, ta tsaya tana kallona kamar na zautu. Ba laifinta ba ne. A ɗakin ƙasa aka haife ta, ina za ta san turken ɗaki?

Mu a ɗakin fata muka tashi, irin wanda ake naɗewa a ɗora wa jaki, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan. Da bazara mukan sauka a wata jigawa kusa da Tagris, inda rairayi ke da laushi har ƙafa na nutsewa. Kafa ɗaki aikin mata ne, zaɓen turaku kuwa na kakata ne ita kaɗai. Ba ta kallon tumfafiya. Aduwa take nema, reshen da ya yi gwiwa. Ta babbake bakinsa, ta haƙa rami har sai hannunta ya taɓo ƙasa mai sanyi, ta kafa shi a jirkice, ta tattake da diddige. Na gabas, inda hadari ke ɓullowa, ya fi kowanne muni.

Takan ce, "Miƙaƙƙe na laka ne. Rairai ba shi riƙon abin da ba shi da gwiwa."

Ni kuwa kunyar turakun nan nake ji, ban ɓoye muku ba. A shekarar da inna ta haifi ƙanena, saura kwana biyu suna, na ji an ce a gabashin ɗaki za a shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Baba yana da wani turke da ya sassaƙa, miƙaƙƙe sumul, da zanen wuta a kansa. Da kaka ta tafi itace, na tone nata na jefa bayan sabara, na buga na baba, na ɗaura igiya. Har na ja da baya ina yaba aikina.

Da la'asar gabas ta yi jawur. Maza duk suna rijiya da dabbobi. Iska ta fara da ƙamshin ƙasa, sannan ta zo da ƙarfinta, sai turken nan ya zare kamar an cire muciya daga kunu. Fatar ɗaki ta ɗaga sama, ginshiƙi ya karkata daidai kan inna, wadda ke duƙe a kan jaririn da ko suna bai samu ba.

Kaka ta cafke igiyar tana bulala a iska, ta nannaɗe a hannunta na dama, ta kwanta a ƙasa ta kafe dugaduganta cikin rairayi. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta dube ni kawai.

"Ina kinka yada nawa? Tahi ɗauko shi!"

Na ɗauko, na haƙa da yatsuna ina kuka, ƙasa na cika mini baki. Kafin in gama binnewa na ji ƙas, ƙashin hannunta ya ba da sauti. Ba ta saki ba sai da igiya ta koma kan turke.

Da baba ya dawo ya ga turkensa yashe, ya tambayi wanda ya kafa shi. Ina nan tsaye a wurin.

Kaka ta ce, "Ni ce. Tsuhwa ya sa kyau ya ruɗe ni."

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hannun a karkace ya warke. Daga ranar aka karɓe mata zaɓen turaku, aka ce idonta ya gaza. Wannan ya fi karayar yi mata ciwo, na sani, don na sha ganinta a gefe tana kallon ana kafa ɗaki. Har ta koma ga Allah ban buɗe baki ba. Ranar da za a kai ni ɗakin miji na sami karkataccen turken nata cikin kayana.

Yanzu mun zauna wuri ɗaya, muna noman gero, bango ya tare mana iska. Jaririn nan gemunsa ya yi fari, har yau yakan ba da labarin kuskuren kaka yana girgiza kai.

Jiya na zaunar da jikata na ba ta labarin kamar yadda kowa ya san shi. Ta juya turken a hannunta, ta ce, "Iya, tsohuwar da ta san rairai haka, ƙaƙa ta kafa miƙaƙƙe?"

Sai na ce mata ta je ta kira mini ƙanena, lokaci ya yi da zai ji gaskiya.