Ranar da jirgin Yola ya makara

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu. Tun da safe na share tsakar gidanmu na haya a Sheda, kusa da Abuja, na cika randa, na kai awakin maƙwabciyarmu bayan gonar doya na ɗaure, duk ba tare da an aike ni ba, abin da ban taɓa yi ba don ni malalaciya ce ta gaske. Mama kuwa ta fito da atamfar da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ta ɗaura ta kwance, ta sake ɗaurawa.

A lokacin ita da Baba sun rabu. Yana aiki a Yola, iyayensa suna Sakkwato, kuma babu jirgin da ke haɗa garuruwan biyu kai tsaye. Ya taɓa gaya mini cewa da a ce akwai, tafiyar ba za ta kai awa biyu ba, amma dole ya sauka Abuja ya yi rabin yini yana jiran jirgi na biyu. Wannan jiran da kowa ke tsaki a kansa shi ne rabona da ubana. Kawu, yayan Mama, yakan kai ni filin jirgi, mu zauna da Baba yana ɓare mini gyaɗa yana tambayata karatu. A makaranta har shimfiɗa hannuwa nake ina zagaya fili, ina cika baki wai babana a sama yake tafiya.

Ranar ta fita daban, domin Kawu ya sha wahala kafin ya shawo kan Mama ta bi mu, a zauna a yi maganar komen aurensu. Na ji su ta bayan labule. Sai na yi dabara irin ta yara: duk sallar da na yi a makon, roƙona ɗaya, Allah ya kawo ruwa jirgin Baba ya makara, su samu lokacin shiryawa.

Ruwan ya zo, amma jirgin Yola ya tsare, ba na Sakkwato ba. Muka zauna tun hantsi har bayan la'asar, tuwon da Mama ta ƙullo masa ya huce a cinyarta. Da Baba ya fito, ana ta kiran fasinjojin Sakkwato. Ya dafa kaina, ya gaisa da Kawu a tsaye, ya dubi Mama ya ce, "Kin ga yadda abin ya zo. Sai wani jiƙon." Ya saɓi jakarsa ya wuce da sauri.

A motar komawa Mama ba ta yi kuka ba. Ta dai ce wa Kawu, "Yaya, na zo sau ɗaya, ba zan ƙara ba." Ba ta ƙara ɗin ba. Ni kuma na yi shekaru ina jin ni na raba su da bakina, ko hadari na gani sai gabana ya faɗi.

Yanzu aiki yana kai ni garuruwa, jirgi ya sha tafiya ya bar ni, na kwana na bi na washegari ba abin da ya ragu a jikina. A irin wannan zaman ne na daina zargin yarinyar nan 'yar aji huɗu, sai dai abin da ya maye gurbin zargin ya fi shi ciwo. Ranar nan ma akwai jirgin Sakkwato na washegari, kuma Baba ya sani.