Layin Da Marigayi Ya Bar Mini Amana

Jiya babbar kwamfutar ofishinmu ta tsaya, motocin kwantena suka yi layi a unguwar masana'antu ta Al Quoz, sai na tuna marigayi tsohon injiniyanmu.

Tsari ɗaya ake juya fayiloli zuwa yaren inji da shi, amma wani fayil, marigayi ya rubuta masa nasa tsarin a layin farko. Yana hura shayin na'ana'a ya ce mini, "Malam, kada ka bari a goge layin nan." Ni mai shayi, da karatuna ya tsaya a aji uku.

Ashe layin nan sabbin injiniyoyi suka goge. Na yi magana, suka ce, "Khalas, ya isa, Baba, kawo shayi." Sai la'asar suka mayar da layin, kwamfutar ta tashi.

Alhaji, takarda ka rasa ne da ka bar wa mai shayi amanar? Allah Ya jiƙanka, Ya sa kabarinka ya fi ɗakin injin nan sanyi.