Ranar da Aka Ɓoye Mini Akawal

Sana'ata hatsi ce. Ina sayen gero da dawa da wake a Moriki da Shinkafi, in kawo Kaura Namoda, daga nan su wuce kudu. Ban gaji komai ba, da buhu guda a bayan keke na fara. Wanda ya rayu yana tsoma hannu cikin buhu yakan daina sauraren yabon mai kaya. Da wannan halin na shiga kallon sukuwa, ko da yake ban taɓa ɗaure doki a gidana ba.

Bayan kaka, idan an sa ranar tsere, mukan taru a jajibiri a rumfar mai shayi kusa da fili, ana musun dokin da zai ci. Ba caca muke yi ba. Wanda ya faɗa daidai dai ya samu abin yi wa saura dariya har tsere na gaba. Yawanci kowa dokin garinsu yake zaɓa, ko wanda ya ci a baya. Ni kuwa ina riƙe abubuwa a kai: wane doki ne ke son yashi, wane ne ke son ƙasa mai tauri, wa ya hau shi, yaushe ya yi gudu na ƙarshe. Idan an gama tsere mutane suka ruga wajen wanda ya ci, ni sai in bi wanda ya zo na uku in ga yadda yake numfashi. Dokin da ya iso bai gaji ba, fili ne ya yi masa kaɗan, shi zan ambata ranar da aka tsawaita zagaye.

Da farko abin wasa ne. In na iso sai a ce, "Ku matsa, boka ya zo." Sai wata shekara aka kawo wani kilin doki daga Zurmi, kowa na yabonsa. Na ce zai gaji a kwanar ƙarshe, don kwanan nan ya yi gudu a Nijar, kuma a tsaye ya sha doguwar hanya cikin mota. Haka aka yi. Mai dokin bai ce gajiya ba ce, ya ce kambun baka ne, wai bakina ya kama masa doki. Maganar ta bi kasuwanni. Daga nan in na tunkari turke sai a juya doki, ko a jefa masa bargo. A rumfa ana amsa sallamata da kyau, a ba ni shayi, sai hira ta koma kan farashin taki har in tashi.

Mutum ɗaya ne bai canja ba, aminina mai shagon taki a Shinkafi, wanda ya ɗan girme ni. Tun rasuwar matata, da yara suka watse neman na kansu, gidansa ne kawai inda nake zama in yi magana ba ta ciniki ba. Duk Alhamis in kasuwa ta tashi, can nake cin tuwo. Mu shimfiɗa tabarma kusa da turken akawal ɗinsa, baƙin doki mai dogon wuya da ya sayo daga Nijar, yana cin harawa muna kallonsa.

"Duba shi da kyau, boka," yakan ce. "In bakinka na da dafi, ga kanwa nan, ka lasa."

Wata Alhamis, ana saura kwana kaɗan tseren Kaura, ya sa aka kwance dokin aka zagaya da shi tsakar gida. Akawal ya ci a Shinkafi a tseren da ya wuce, gari duka na maganarsa. Amma na ga yana sauke ƙafar gaba ta hagu da sauri, kamar mai taka ƙasa mai zafi. Na duƙa na shafa bayan ƙafar, sama da kofato. Da ɗumi.

"Mi kag gani?" in ji shi.

Na san abin da amsar za ta iya jawo mini. Da na ce tubarkalla na wanke hannu na ci tuwona, ba wanda zai zarge ni. Amma ya tambaye ni, kuma dokin ne zai taka filin.

Na ce, "Alhaji, kar ka kai shi Kaura. A yashin Shinkafi ya ci, yashi na ɓoye ciwo. Filinmu tauri gare shi kamar daɓe. Ka ba shi hutu zuwa bayan salla."

Ya yi dariya. "Kai dai Bakaure ne, tsoro kake mu zo mu cinye ku a gida."

"Wallahi da ƙafar ga lafiya take, shi zan ambata."

"To wa ka ambata?"

"Dandan dokin nan na Gurbin Bore."

"Wancan jakin?" Ya tura mini kwanon miya. "Ci tuwo, Alhaji, yunwa ce ke damunka."

Ya kai shi. Na tsaya can gefe, nesa da rumfar manya. Akawal ya fita gaba tun daga tashi, mutanen Shinkafi na ihu suna jefa huluna sama. A zagaye na biyu na ga kansa ya fara sunkuyawa duk takun hagu. Kafin su kai kwanar fili mahayin ya ja linzami ya diro. Dokin ya tsaya da ƙafa uku. Danda ya wuce ya ci, ban ma kalle shi ba. Na ji wani a bayana yana cewa, "Ai an ce ya shafa ƙafar da hannunsa."

Aminina bai taɓa faɗa mini maganar ba, ko sau ɗaya. Na kira shi a waya na yi masa jaje, ya ce ƙaddara ce, dokin na samun sauƙi, in zo ranar kasuwa.

Na je. Ya tarbe ni a ƙofar gida da fara'a, ya riƙe hannuna yana tambayar hanya, don a lokacin ba kullum ake bin ta lafiya ba. Sai na ga an shimfiɗa tabarmar a zaure. Ta ƙofar ciki na hango sabon zana, an kewaye turken da shi, sabo fil, ko launinsa bai dushe ba.

"Iyali ne suka matsa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ka san mata."

Na ce na sani.

Aka kawo tuwo. Muka yi maganar wake, da motocin da suka daina zuwa Zurmi, da ciwon gwiwarsa. Can na ji akawal ya yi haniniya a bayan zana, na kasa kunne ko zan gane yadda yake taka ƙafar, amma ƙasar wajen yashi ce, ba a jin komai. Ina so in ce a riƙa sa masa ruwan sanyi safe da yamma, kar a yi gaggawar ɗora sirdi. Sai dai na tsoma loma a miya na ci gaba da cin tuwona.

Har yanzu ina zuwa duk Alhamis da hanya ta yi kyau. A zaure muke zama.