Teburin Wenzu a Bakin Titi

A unguwarmu ta Sunshine, can yammacin Melbourne, sau ɗaya a shekara ƙaramar hukuma ke turo motar kwashe manyan tarkace. Kafin ta zo, kowa sai ya fito da asirin gidansa ya jibge a 'yar ciyawar bakin titi: katifar da ta gaji da duniya, kujera mai ƙafa uku, keken motsa jiki da aka saya don rage tumbi aka koma shanya tawul a kai. Abin da ya taɓa ciyawar nan ya tashi daga naka. Duk wanda ya gani ya yi masa, sai ya ɗauka, ba sallama ba godiya. Wanda ya yi kwantai kuma mota ta zo ta niƙe.

Gidan Nanna Rozina Farrugia ne ke kallon nawa. Nanna kowa ke ce mata a layin, wato Kaka, har da mu masu furfura. Daga Malta ta zo a jirgin ruwa tana amarya, da akwati ɗaya da tukunyar mahaifiyarta. Ta yi shekaru tana ɗinka wuyan riguna a masana'anta, ta haifi uku, ta binne miji. Amma in ka tambaye ta abin da take taƙama da shi, ba da 'ya'ya za ta fara ba. Cewa za ta yi tunda ta sa ƙafa a ƙasar nan, motar shara ba ta taɓa samun ko cokali a ƙofarta ba.

Kuma ba ƙarya take ba. Nanna ba ta zubar da kaya, aurar da su take yi. Sai ta wanke abu ta goge, ta ƙulle kusoshinsa a leda ta ɗaure masa a jiki. In fanka ce ta rataya mata kwali: tana aiki. Sannan ta koma bayan labule da kofin shayi tana leƙen wanda zai zo. Kafin shayin ya huce an ɗauke. Daga nan sai ta tsallako titi ta duba nawa tulin.

"Neville, mai tumbi, har yanzu kujerarka na nan? Ɗazu na ga kare ya shinshina ta ya wuce. Kare fa."

"Nanna, ai mai rabo bai zo ba tukuna."

"Mai rabonka na zuwa, yana da manyan tayoyi."

Akwai kunya a abin, ba a ɗaukar kayan maƙwabci. Mutum yakan tafi layi na uku ko na huɗu ya yi tsince-tsincensa inda ba a san shi ba. Wata shekara matata ta dawo da fitilar gefen gado daga can bayan tasha, tana ta murna. Ban ce mata komai ba, amma tawa ce, wadda na fitar bara.

Mijin Nanna, Lawrence, wanda kowa ke kira Wenzu, a wurin gyaran taragun jirgin ƙasa ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne mara magana. In ya ce "ina kwana" ya gama hirar ranar. A shekarar da suka haifi ɗan fari ya yi wa matarsa teburin kicin da tsoffin katakan da ake shimfiɗa layin dogo a kai, waɗanda aka yar. Ɗaya-ɗaya ya riƙa ɗauro su a keke. Da ya gama, teburin ya fito baƙi, ƙafafu kamar turame, ya kuma fi ƙarfin tsayin Nanna, sai ta yi ɗage in za ta murza ƙulli.

Gada take kiransa, irin ta kan kogi. Duk baƙon da ya zauna cin abinci sai ya sha jawabin: "Ku yi haƙuri da wurin zama. Na aiki mijina ya yi min tebur, ya dawo min da gada." Ta rufe shi da ledar tebur mai furanni har ƙasa. Ta sayo mariƙai biyu na tagulla ta sa wa aljihunsa, wai don ido ya sami wurin hutawa. Ga kuma kusurwar da ke wajen murhu, wadda ta ce ta ci rabin kwankwasonta a shekarun farko.

Shi Wenzu bai taɓa musu ba. Duk shekara kafin bikin Ista, in Nanna ta tafi coci, sai ya yaye ledar ya shafe katakon da mai. In ta dawo ya kama gefen teburin da hannu biyu ya jijjiga da ƙarfinsa, teburin ko gezau, sai ya dube ta. Na sha gani, don duk shekara da ni ake cin abincin ranar. Ita kuma amsarta ɗaya ce: "Dutse ma ba ya motsi, Wenzu, ba wanda ya kai shi kicin." Ya yi murmushi ya mayar da leda.

Bayan rasuwarsa ta yi shekaru ita kaɗai a gidan, har gwiwoyi suka ce sun gaji. 'Yarta Marlene ta gina mata ɗaki a bayan gidanta a Werribee, ɗan ɗaki mai cin gado da kujera da talabijin. 'Ya'yanta maza suna can Perth, ɗaya ƙarshen ƙasar, ba mai ɗauko gada ya tsallaka hamada da ita. Tashin ya zo daidai da lokacin fitar da kaya.

"Mama, ko bango muka rushe teburin Baba ba zai shiga ba," in ji Marlene.

"Wa ya ce ina so ya shiga? Dama hanyar rabuwa da shi nake nema. A fitar."

Mu huɗu muka fito da shi, ƙartin layin, kuma har yau in hadari ya haɗu bayana na tuna min. Muka dire shi a ciyawa, sauran kayan gidan suka kewaye shi.

Kaya suka fara tafiya kamar ana rabon gado. Keken ɗinki ko ciyawa bai taɓa ba, daga hannuna wata mata ta karɓe. Tukwane suka tafi, kujeru shida suka tafi a kan rufin wata 'yar mota, hoton tekun Malta ya tafi, har da bokiti mai tsaga. Labule na motsi, na san ana can ana jin daɗi. Kafin rana ta faɗi, ba abin da ya rage sai Gada.

Ba wai ba a tsayawa ba. Ana tsayawa. Mutum ya fito daga mota, ya kama gefe ɗaya ya ɗaga, fuskarsa ta sauya, ya koma mota yana dafe da ƙugu. Wasu 'yan jami'a biyu suka auna shi da hannu, suka auna motarsu, suka tafi suna dariya. Sai wata mata mai tabarau a ka ta tsaya, ta yaye gefen ledar, ta ce wa mijinta da ƙarfi, "Kai, wannan muni! Wa zai sa wannan a gida?"

A iya zamana a layin ban taɓa ganin Nanna ta baro labule ana cikin duba kayanta ba. Ranar ta fito da sandarta.

"Baiwar Allah, wa ya tambaye ki? Shago kika shigo? Ki ɗauka ko ki wuce, ba a ce ki yi sharhi ba. Mutum uku aka raina a kan teburin nan, duk sun fi mijinki ƙiba!"

Matar ta shige mota da sauri. Ni kuwa na tsallaka, ina danne dariya.

"Nanna, ai maganarki ta maimaita. Ke ma haka kike faɗa."

"Ni matarsa ce," ta ce. Ba ta yi dariya ba.

A nan na gane abin ya wuce taƙamar cokali. Na ce, "Bari in ɗauka mana. Dama ina neman teburin aiki a gareji."

"Garejin naka da kyanwa ba ta samun wurin juyawa? Kada ka raina min hankali, mai tumbi. Ba sadaka nake nema masa ba. Mutumin da bai san ni ba, bai san Wenzu ba, ya tsaya ya dubi teburin nan ya ce yana so. Iyakar abin da nake nema ke nan kafin motar nan ta zo. Kuma kada ka turo min surukinka ya yi kamar baƙo, na san motarsa, na san tarinsa."

Da ma surukin nawa nake shirin kira. Na fasa.

Washegari na gan ta a ciyawa da gwangwanin mai da tsumma. Ta yaye ledar gaba ɗaya ta naɗe. Ta ce kaya ba ya tafiya in ba a gyara shi ba, dokarta ce, ba don wani abu ba. Na kawo mata kujera, na tsaya ina kallo tana shafawa. Har na manta katakon ba baƙi ba ne. Da mai ya shiga sai ya yi ja mai duhu, da zane-zane kamar ruwa na gudu. Ta bi gefe ɗaya, ta bi na biyu, sai hannunta ya tsaya.

"Zo ka taɓa nan."

Na taɓa. Kusurwa uku masu kaifi ne kamar ranar da aka yanka su. Ta huɗun, wadda ke wajen murhu, ba kusurwa ba ce kuma. An goge ta ta zama kamar gwiwar jariri, sumul, ba a rana ɗaya ba.

"Na ɗauka ni ce na koyi kauce mata," in ji Nanna. "Har gori nake yi masa, wai gadarsa ta koya min rawa." Ta daɗe tana shafa wurin da tafin hannu. "Mutumin nan bai da baki ne? Sai ya ce, Rozi, duba abin da na yi. Me zai rage shi?"

Mu duka mun san ya faɗa, duk shekara, da hannu biyu.

Ana gobe motar za ta zo, da la'asar, wata a-kori-kura ta tsaya. Dattijo ne ya fito, bai yi gaggawar ɗagawa kamar sauran ba. Ya zagaya teburin, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, ya ja aljihun ya mayar. Daga tagata ina hango labulen Nanna ya buɗe rabi, abin da bai taɓa yi ba. Dattijon ya koma mota, na ce igiya zai ɗauko. Sai ya dawo da sukuddireba. Ya kwance mariƙan tagullar nan biyu, ya jefa a aljihu, ya ɗaga wa gidan hannu ya tafi. Mai tara ƙarafa ne.

Da na je, tana zaune a dokin ƙofa.

"Ka gani ko? Ina da ido. A duk teburin, abin da na zaɓa shi aka ɗauka." 

Da safe ta aiko a ara mata kujeru biyu, nata sun tafi. Ta fito da butar shayi da farantin pastizzi, 'yan gasassun fanken Malta masu cuku, da zafinsu, ta jera a kan Gada ba leda. Muka zauna a bakin titi muna karyawa, masu tafiya aiki na rage gudu suna kallonmu. Duk motar da ta rage gudu sai Nanna ta ɗaga kai. Muna cikin haka muka ji ƙugin motar sharar daga kwanar layi.

Ma'aikatan uku ne, babbansu wani ƙaton ɗan tsibirin Tonga. Ya dubi faranti, ya dube ta.

"Mama, wannan na tafiya ne ko na zama?"

"Na tafiya ne. Ku ci tukuna, za ku buƙaci ƙarfi."

Suka ci, suna yi mata dariya. Da suka kama teburin dariyar ta ƙare. Sai da na sa hannu, bayana na kuka, muka tura shi bakin injin. Injin ya sauko ya danna. Katifu da kabad-kabad na layin duka ya haɗiye ba ko tari, amma a nan ya tsaya yana gurnani, motar na rawa. Ya koma sama, ya sake saukowa, ya sake tsayawa. Ƙaton ya cire hula ya buga a cinya.

"Wai wane mahaukaci ne ya ƙera wannan abin? Zai karya mana mota!"

Nanna ta dafa sanda ta miƙe, tsawonta duka bai kai ƙirjinsa ba.

"Mijina ne," ta ce. "Lawrence Farrugia. Da hannunsa."

"Yi haƙuri, Mama, ban sani ba."

"A'a, ɗana, sake faɗa. Da ƙarfi."

Daga baya dai injin ya yi nasara. Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga, tsuntsayen layin suka tashi. Motar ta wuce gidan gaba, ta bar ramuka huɗu a ciyawa. Nanna ta tsaya tana duban su.

"Kalma ɗaya fa ta yabo, Neville," ta ce. "Ba ta da nauyin komai. Na riƙe ta kamar wani zai ƙwace." Ta miƙo min farantin. "Kai wa matarka sauran. Ka dawo min da farantina, ba na ciyawa ba ne."

Nakan je Werribee in gaishe ta. Ɗakin na da haske, Marlene na kula da ita sosai. Ta saya mata ɗan farin tebur mai siraran ƙafafu, daidai tsayinta, ba kusurwa ko ɗaya. Zuwana na ƙarshe, Nanna ta zuba mana shayi, muna hira, sai na ga ta kama gefen teburin da hannu biyu ta ɗan jijjiga. Shayin ya fantsama a faranti, cokali ya faɗi ƙasa.

"Kyakkyawa ne ai," ta ce, tana goge wurin da tsumma. "Duk wanda ya shigo sai ya yaba."