Gwiwar Baturen da Na Tuƙa a Riyad

Ƙarya ya yi mini. Ya ce ni na lalata masa gwiwa, alhali da gwiwar a lalace ya sauko daga jirgi. A kan wannan ƙaryar aka kore ni daga Riyad, bayan shekara shida ina aiki ba wanda ya taɓa kai ƙarata.

Direba ne ni a wani kulob na ƙwallon kwando. Haka aka rubuta a iƙamata, wato takardar zama. Amma kafin in zo Saudiyya na buga ƙwallon nan a Kano, tun ina sakandaren da ban gama ba. Allah ya ba ni tsawo, ya ba ni hannu. Mudir ɗin kulob, wato manaja, ya taɓa ganina ina jefa ƙwallo bayan 'yan wasa sun watse, ya ce insha Allah zai canza mini sana'a a takarda, in koma mataimakin koci. Shekara biyu ina jiran wannan insha Allah ɗin.

Sai kulob ya kawo wani Bature ɗan wasa, aka haɗa ni da shi in riƙa tuƙa shi. Ɗan Sabiya ne asalinsa. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu ya koma Girka, suka ba shi fasfo har da sabon suna. A mota yake ba ni labari da guntun Turancinsa, ina amsawa da guntun nawa: yadda ya buga a manyan kulob, yadda 'yan kallo ke jifan su da kwalabe idan aka cinye su. Gaskiya mutumin ya iya ƙwallo, wannan ba zan hana shi ba. In ya tsaya daga nesa ya saki, ko ragar ba ta motsi sosai.

Sati biyu da zuwansa ya ce, "Sadik, kai ni wurin likita, amma ba na kulob ba." Sadik yake kirana, wato aboki da Larabci. Na kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwar Shifa. Duk sati sai an zuƙe masa ruwa a gwiwar hagu an yi masa allura. A hanyar dawowa ni ke tsayawa in sayo masa ƙanƙara ya ɗaure. Ban gaya wa kowa ba. Na ce mutum ne ya baro gida neman abinci kamar ni, me zai sa in tona masa asiri?

Da ya gane na iya wasa, sai ya riƙa jana fili da safe, kafin kowa ya zo. Ina tsare shi, yana jifa. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan. Na ɗauka idan ya yabe ni a gaban mudir, magana ta ƙare.

Ranar da abin ya faru, tsakanina da shi ya fi taku biyu. Ya yi tsalle ya saki ƙwallo, ya dira, na ji gwiwar ta ce ƙas. Ni na cicciɓe shi zuwa mota, ƙaton mutum, yana zagin duniya da yarensu.

Bayan kwana uku mudir ya kira ni ofis. Yana shan gahawa, ko zauna bai ce mini ba. Ya ce Bature ya ce na sa masa ƙafa a inda zai dira. Duk wanda ya san ƙwallon kwando ya san ba mugunta irin wannan. A Kano a kanta sai a hana ka shiga fili har abada. Daga baya na gane dabarar. Idan tsohon ciwo ne ya ɓoye, za a soke kwantaraginsa, labari ya bi shi ko'ina. Idan sabon rauni ne a filinsu, kulob ne zai kai shi Turai a yi masa aiki.

Na ce, "Ya mudir, ban taɓa shi ba. Ni nake kai shi allura a Shifa."

Ya ce, "Ina takarda?"

Babu takarda.

Ya ce, "To ka san da ciwon ka ɓoye mana? Kuma me direba yake yi a cikin fili? Me aka rubuta a iƙamarka?"

Ka ji mutumin da ya yi mini alkawari. Ko ta ina na juya, ni ne mai laifi. A satin aka buga mini bizar fita ba dawowa.

Ana gobe zan tafi, na sayo 'yar tsarabata a kasuwar Dira, na wuce gidan Baturen da la'asar. Yana kwance a kujera, ƙafar a naɗe, yana kallon kaset ɗin wani tsohon wasansa. Da ya gan ni ya kasa haɗa ido da ni. Ya nuna wasu sababbin takalma a gefe, ya ce, "Sadik, ɗauka, daidai ƙafarka ne."

Na kashe talabijin ɗin, na tsaya a kansa.

Na ce, "Riƙe takalmanka. Ban taɓa ka ba, ka sani, na sani. Kai za a ɗinke maka gwiwa ka samu wani kulob. Ni na haura arba'in, daga nan tasha zan koma neman fasinja, ba wanda zai sake kirana fili. Duk wanda ya tambaye ni a kanka zan ce masa ka iya ƙwallo, kuma matsoraci ne kai. Kada ka sake ce mini sadik."