Hantar Alhaji a Jikin 'Yarsa

Ina shekara ta biyu a jami'a a Villeurbanne na san su. Alhaji ɗan Maradi ne, yana sayen tsofaffin motoci yana turawa gida. Matarsa Hajiya ba ta jin Faransanci, don haka duk ranar da za ta ga likita nakan hau jirgin ƙasa na metro in je gidansu a Vaulx-en-Velin in raka ta, in yi mata tafinta.

Tun haihuwa idanun jaririyarsu rawaya ne, muka ɗauka shawara ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Likita ya ce hanyoyin madaciyarta a toshe suke, hantar ta riga ta lalace, sai an dasa mata wata. Da bakina Hajiya ta ji wannan maganar.

Aka tura su Paris, na ajiye karatu na bi su. Jinin Hajiya ya dace da na yarinyar, amma tana da ciwon sukari, aka ce ba za a taɓa ta ba. Alhaji lafiyarsa ƙalau, sai dai rukunin jininsa daban.

"Malama, tambayar mini likita," in ji Alhaji. "Ni na haife ta, yaya jinina zai ƙi nata?"

Likitan ya ce da babba ce da abin ya yi wuya ƙwarai. Amma jariri garkuwar jikinsa ba ta gama ƙosawa ba, da taimakon magani yakan karɓi hantar da ba ta rukuninsa ba. Haɗari dai akwai, bai ɓoye mana ba.

Alhaji ya amince nan take. Hajiya ce ta ja ni gefe.

"Ƙanwata, in na rasa su duka biyun fa?"

Na riƙe hannunta.

Aka yanki wani sashe na hantar Alhaji aka dasa. Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya rufe yarinyar, aka ce jikin ne ke neman ƙin hantar. Aka ƙara magani, Allah ya kawo sauƙi.

Bayan shekaru, kafin in koma gida Damagaram na je sallama. Yarinyar ta shiga lakwal, wato makaranta, a lokacin, magani kuwa kullum ne, ba fashi. Na tarar tana gardama da ubanta a kan tabon aikin waye ya fi tsawo, Hajiya na tuƙa tuwo tana cewa su rage surutu.