Ƙafar Baba Alkasum

Babana Alkasum majemi ne, ɗan majemi, a Birnin Damagaram. Da ƙafa yake aiki. Yakan shiga ramin jima tun da safe ya yi ta tattaka fatu cikin ruwan bagaruwa yana waƙa, muryar kuwa ba daɗi, amma ba mai iya hana shi. Fataken Kano sukan zauna jiran fatarsa ko da ta wasu na jibge a gabansu.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ni Zuliha, ƴarsa, na sha faɗa a bayan idonsa: bai iya cewa a'a ba. Ko abincin da ba ya so aka kawo masa, sai ya cinye tas ya sa albarka, don kada mai kawowa ya ji kunya.

Yana da wani tsohon gyambo a ƙaurinsa na hagu tun yana saurayi. Ya warke ya dawo, ya warke ya dawo, har muka daina kula shi. Bayan shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan mulkin Turawa, sai gyambon ya sake hali. Bakinsa ya yi tauri, nama ya yi tsiro a ciki, ga jini, ga wari. Mamman maƙwabcinmu, mai aikin jinya a gidan likita, ya lallashe shi suka je. Lokotoro, wato likita Bature, ya duba, ya laluba ko akwai kaluluwa, ya yi magana, Mamman ya juya masa da Hausa. Ciwon daji ne. Bai riga ya hau sama ba. In an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ana sa ran zai rayu. In an bari zai hau, sa'annan babu abin yankewa.

Baba ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Wannan ita ce a'a mafi ƙarfi da na taɓa ji daga bakinsa.

Na baro gidan mijina na dawo gida jinya. A wurinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, kowa da maganin da ya ji ya warkar da wani, kuma ba mai kiran ciwon da sunansa. Sai dai a ce, yaya ƙafar, a amsa, da sauƙi. Baba kuwa mutum ne mai jama'a. Rabi'u, Bakano mai sayen fatarsa, ya kawo garin saiwa tun daga Kano. Hauwa mai ƙosai ta kawo sassaƙe. Wanzami ya yi ƙaho. Wani daga unguwar Kara-Kara ya kawo man shafawa mai zafin da ya sa Baba cizon bakin riga, da mutumin ya dawo tambaya kuma Baba ya ce ai ya ji daɗinsa ƙwarai. Haushi kamar ya kashe ni.

Ba zan yi musu ƙarya ba. Zuma ta rage warin, rubutun Malam Tahiru kuma yakan kwantar masa da rai ya samu barci, malamin bai ma taɓa cewa kada a je likita ba. Tsoron Baba shi ma ba na banza ba ne, don mun san waɗanda suka shiga ɗakin fiɗa ba su fito ba. Majemi kuma in ba ƙafa, da me zai taka fata? Sai dai ni ke wanke ciwon kullum, ina ganin yana faɗi. Na kuma gane abin da ya fi riƙe shi. A ganinsa, ranar da ya koma wurin lokotoro, ya gaya wa duk mutanen nan ke nan cewa maganinsu banza ne. Ya gwammace ya mutu da ya kunyata Hauwa mai ƙosai. Mu ƴaƴansa kuma ba mu da bakin ce wa mahaifi ga abin da zai yi da jikinsa.

Haka muke har damina ta sauka, watan cika-ciki ya tsaya. Ranar goma ga wata sai ga Gwaggo Wasila daga ƙauyen Gidimuni, da ƙullin dabino a ka. Taubashiyar Baba ce, iyayensu wa da ƙanwa, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Kowace shekara a wannan rana ita ke karɓar shara a hannunsa, kyautar da taubashi ke ba taubashi, abin da ta roƙa kuma bai taɓa hana ta ba.

"Majemi, tun daga ƙofar gari nake jiyo warinka," in ji ta. "Da warin fata ne, yanzu kai ne fatar."

"Baƙauyiya, an shigo birni cin tuwon banza," in ji Baba. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Ta ɗaga tsumman ta dubi ciwon, ta daɗe tana dubawa. Ta ja ni madafa ta tambayi abin da lokotoro ya ce, na gaya mata. Ta jira bayan la'asar, zaure ya cika da masu dubiya, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta zo karɓar shararta. Baba ya sa na ɗauko turmin zanen da ya tanadar mata. Ta ture shi.

"Bana ba na son zane. Ƙafar nan nake so, ta hagu, daga gwiwa zuwa ƙasa."

Rabi'u ya gyara murya ya ce ba a wasa da ciwo.

"Malam Rabi'u, kai taubashinsa ne? To tsakanina da shi ne," in ji Gwaggo.

"Me za ki yi da ruɓaɓɓiyar ƙafa?" in ji Baba.

"Ina ruwanka? Na taɓa gaya maka abin da nake yi da zannuwanka? Daji ne, Alkasum. Duk wanda ke zaune nan ya sani, kunyarka suke ji. Ni ban taɓa jin kunyarka ba, ba yau zan fara ba."

"Da me zan taka fata?"

"Dukawa a zaune suke aiki, ka taɓa jin yunwa ta kashe su? Za ka ba ni ko za ka hana ni a gaban mutane?"

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya dubi jama'a ɗaya ɗaya ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Maganinku bai gaza ba, Allah ya saka muku. Amma shara ce, ba a hanawa."

Ina kallon fuskarsa, sai na ga ta saki. Ashe ya daɗe yana neman ƙofar da zai fita ba tare da ya taka kowa ba. Su ma masu maganin na ga hankalinsu ya kwanta, Malam Tahiru ya ɗaga hannu aka yi fatiha.

Ranar aikin, Gwaggo ta zauna ƙarƙashin bishiya a farfajiyar gidan likita, ko ruwa ta ƙi sha. Ta ce mini a hankali, "In bai tashi ba, Damagaram duka za ta ce ni na kashe shi. Ni ma haka zan ce." Da Mamman ya fito ya ce Baba ya farka, har yana tambaya ko akwai fura, sai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti. An miƙo ƙafar cikin farin ƙyalle, wana Illa da Malam Tahiru suka kai ta maƙabarta suka binne.

An sallamo shi a makon da ƙasa ta samu mulkin kai. Gari ya ɗauka da kiɗa da guɗa, Baba na dogara sanda ta lungunan Birni yana amsa gaisuwa, yana ce wa kowa bai kamata a wahala haka saboda shi ba. Hauwa mai ƙosai ta tarye shi da sabon sassaƙe na ƙarin jini, ya karɓa da hannu biyu.

Kashegari Gwaggo ta ɗaure kayanta, don shukarta na jiranta a Gidimuni.

"Kin karɓi kayanki, sai ki ba mu wuri," in ji Baba, idonsa cike da hawaye.

"Na karɓi rabona," in ji ta. "Ragowar na bar wa Zuliha, ba na haɗama."

Ragowar kuwa ta yi mana auki. Ya koyi dukanci a zaune, da muryarsa marar daɗi, kuma shi ya ba da auren ƴata ta fari, da sandarsa a gefe.